Ruɓewar Harsashin Gini a Birnin Kudu da Gwaram: Gyara da Buƙatar Doka

Da yawa daga cikin gidajen da ke rushewa da damina a Birnin Kudu da Gwaram na Jihar Jigawa, musamman garuruwan da ke gaɓar kogin Bunga, sun daɗe da lalacewa daga ƙasa kafin ruwa ya kayar da su, domin harsashi, wato fandishon da ke ɗauke da nauyin bango, yana shan danshi shekara da shekaru. Danshin yana hawa cikin bulo ɗauke da gishirin ƙasa, idan ya bushe sai gishirin ya sandare ya farfasa siminti, rodin da ke cikin kankare kuma ya yi tsatsa ya kumbura. Abin ya fi muni inda aka buga bulo da yashi mai laka, aka ƙwari siminti, kuma ba a yi masa ban ruwa ba.

Maigidan da ya ga filasta tana zuba daga gindin bango, ko tsaga tana faɗaɗa, ko ƙofa ta daina rufuwa daidai, bai kamata ya tsaya ga shafe ba, domin shafe ɓoye cutar yake yi. Wajibi ne ya fara kawar da ruwa daga jikin gini ta hanyar gyara kwata da yin daɓe mai gangara, sannan ya kira injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya duba, a tona harsashin kaɗan-kaɗan ana sake zuba kankare, saboda tona shi gaba ɗaya yana iya kayar da bangon.

Sai dai wannan aiki ya fi ƙarfin aljihun manomi, kuma doka ba ta waiwaye shi ba: Dokar Inshora ta 2003, wadda ta yi aiki har zuwa 2025, ta wajabta inshora ne ga gine-ginen jama'a da benayen da ake ginawa waɗanda suka haura hawa biyu, agajin hukumomin ba da agajin gaggawa, NEMA da SEMA, kuwa yakan zo bayan gida ya faɗi. Amma akwai abin koyi a Jihar Connecticut ta Amurka, inda wani ma'adini da ke cikin tsakuwa ya ruɓar da harsashin dubban gidaje: jihar ta kafa asusun gyara a 2017, daga baya ta ɗora dala 12 a shekara kan inshorar gidaje domin ciyar da shi.

Ya dace Majalisar Dokokin Jigawa ta kafa irin wannan asusu mai ba da rance marar ruwa, ta kuma wajabta gwada ƙarfin bulo a gidajen bulo, tun kafin wata daminar ta kama.