Daga Ƙofar Doka zuwa bakin teku: yadda ake shirya hutu a Badagry

A ƙarshen shekarar 1825 Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a Badagry, ya kamo hanyar Sakkwato don ganawa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bai iso Zariya ba sai da daminar 1826 ta kankama. Yau kuwa magidanci zai yi sallar asuba a cikin ganuwa, ya hau jirgi a Kaduna ko Kano, ya yi isha'i yana jin rugugin teku. Wannan sauƙi shi ke sa wasu Zazzagawa su tashi da iyali babu wani shiri, su dawo kuɗi sun ƙare, hutun kuma bai yi armashi ba.

Abu na farko da ke ɓata tafiyar shi ne lokaci. Daminar bakin teku ta riga ta Zazzau sauka, ta kuma fi ta daɗewa. Ruwa na farawa tun wajen Afrilu, ya tsananta a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Dogon hutun makaranta yana faɗawa cikin wannan tsakani, lokacin da teku ke yawan tunzura. Daga Nuwamba zuwa Maris ne sararin sama ke buɗewa. Sai dai makonni biyun ƙarshen Disamba Legas ta cika maƙil, kuɗin jirgi da na masauki sun yi tashin gwauron zabo. Wanda ke da zaɓi ya nemi ƙarshen Nuwamba ko tsakiyar Janairu, ya kuma fifita ranakun aiki a kan Asabar da Lahadi. Rigar sanyin hunturu a bar ta a gida, domin can zafi ne mai ɗanshi da ke sa gumi ya ƙi bushewa, kuma atamfa da yadin auduga marar nauyi sun fi shadda mai sitati daɗin sawa.

Sai hanya. Jirgi daga Arewa zuwa Ikeja bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba, amma daga nan zuwa Badagry akwai sauran aiki. Titin ya bi ta Mile 2 da Ojo, kuma ga cunkoso ga shingayen jami'an kwastan da na shige da fice, saboda iyakar Seme na kusa. Kowane baligi ya riƙe katin shaidarsa a aljihu. Jirgin safe ya fi, don a isa da rana.

Kafin a tura wa kowa kuɗin masauki, a kira a tabbatar wurin yana nan yana aiki. Gaɓar Legas na sauya fuska da sauri. Bar Beach da iyayenmu suka sani ta shige ƙarƙashin ginin Eko Atlantic, kuma a 2024 aikin titin Legas zuwa Kalaba ya ci gaɓar Landmark. A tambayi wuta da janareta, da gidan sauro, da kuma ko akwai kiɗa har tsakar dare, domin ba kowane wurin shaƙatawa ne ya dace da mai mata da yara ba. Whispering Palms da ke Iworo, alal misali, a bakin tafki yake, ruwansa kwance, yayin da Suntan Beach ke fuskantar Tekun Atlantika kai tsaye.

Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar. Yaron da ya koyi iyo a Kubanni ko Galma bai san teku ba tukuna. Igiyoyi na kwararo ruwa bisa gaɓa ba ƙaƙƙautawa, ruwan kuma dole ya koma, sai ya tattaru ya fice ta wata siririyar hanya kamar ruwan soro ta indararo. Abin tsoron shi ne wannan hanya ita ce ta fi kama da wurin aminci. Hagu da dama farin kumfa na tashi, tsakiya kuwa ruwan ya yi duhu ya lafa. Mutum na tsaye ruwa iya gwiwa, zai ji yashi na zamewa ƙarƙashin dugadugansa, igiya ta biyu ta zo ta ɗauke shi. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar komowa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta bisa ruwa, ya ɗaga hannu, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga jan. Na tudu kuma ya jefa masa jarka ko wani abu mai yawo bisa ruwa, ya yi kururuwar kiran masunta, kada ya bi shi. Doguwar riga da hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi, don haka mata da yara su tsaya inda ruwa ke lasar idon sawu, kuma kowane yaro a ɗora alhakinsa a wuyan babba guda.

Badagry ba yashi kaɗai ba ce. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da gidan tarihin garin, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, ɗakuna ƙanana masu duhu. Daga nan ake tsallaka tafki a kwalekwale zuwa Gberefu, a taka sayyada har inda a da ake loda bayi a jiragen ruwa. A daidaita kuɗin kwalekwale na zuwa da dawowa tun kan tudu, kuma kada a shiga sai kowa ya ɗaura rigar ceto.

Ta fuskar ibada babu tsanani. Ruwan teku na halatta alwala, kuma a mazhabar Malikiyya naman teku duka halal ne, har jatan lande da ƙaguwa, sai dai wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, don wasu jikinsu na yin borin jini. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye zai cika sallarsa, ƙasa da haka ya yi ƙasaru. Azahar a can na shiga kusan minti 20 bayan ta Zariya.

Mai son ƙarawa gaba zai iya tsallaka Seme zuwa Kwatano, inda unguwar Zongo ke cike da masu jin Hausa. Ƙa'idar ECOWAS ta ba ɗan Najeriya damar zaman kwana 90 babu biza, amma sai da takardar tafiya irin fasfo da katin rigakafin shawara, kuma kuɗin can sefa ne. Ranar komowa gida kuwa, idan jirgin na safe ne, a baro Badagry tun jajibiri a kwana kusa da Ikeja ko Agege.