Kafin Ka Zana Gangaren Bakin Kogi

Injiniya, idan aiki ya kai ka Kabala Costain ko Unguwan Rimi, gab da kogin Kaduna, dakata da buɗe manhajar Civil 3D. Fara kai ƙasar wurin gwaji. Jar ƙasar nan da rani kamar dutse take, amma ruwan Agusta na ratsa ta sai ta saki jiki.

A manhajar SLOPE/W, ɗaga layin ruwa har inda ambaliya ke kaiwa, ka kuma gwada janyewar kogi farat ɗaya, don a nan gangare kan zube. Ma'aunin aminci na dindindin kada ya gaza 1.5. Rubuta tsawo da tazarar kowace shimfiɗar ragar ƙarfafa ƙasa a zanen. Magudanar ruwa kuwa, don Allah zana ta ɓaro-ɓaro, kada ɗan kwangila ya tsallake ta.