Darasi: Zafi Maƙiyin Giyar Mota

Darasinmu na yau a kan mota ne. Watakila wani ya ce, "Malam, ni manomi ne, ko keke ba ni da shi, ina ruwana da giyar mota?" To, saurara. Motar da ke kai hatsinka kasuwa ita ce ke kai iyalinka asibiti tsakar dare. Ran da ta lalace, ba mai ita kaɗai ke shan wahala ba. Har wa yau a cikinku akwai direbobi, akwai yaran mota, akwai kuma waɗanda 'ya'yansu ke koyon aiki a gareji. Saboda haka kowa ya buɗe kunne.

1. Giya iri biyu ce

Akwai mota mai kuloci. Direba ne ke taka kuloci da ƙafar hagu, ya sauya giya da hannu. Akwai kuma wadda ba ta da kuloci a ƙafa, ita ke sauya wa kanta giya. Ita a ke kira otomatik.

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan giya da yawa don sayarwa. A 1939 ya fito da ita, ya sa mata suna Hydra-Matic, ya ɗaura ta a motocin Oldsmobile na 1940. Yau kuwa da yawa daga cikin tsofaffin motocin da a ke kawo mana daga Turai da Amurka otomatik ne. Suna da daɗin tuƙi, amma gyaran giyabos ɗinsu akwai tsada ƙwarai. Babban abin da ke kashe shi kuwa zafi ne.

2. Daga ina zafin ke fitowa?

Ku ɗauki fanka biyu, ku ajiye su suna duban juna. Ku kunna ɗaya, ku bar ɗaya a kashe. Iskar ta farkon za ta sa ta biyun ta soma juyawa, alhali ba abin da ya haɗa su. Haka a ke yi a mota otomatik, sai dai ita da mai a ke yi, ba da iska ba. Tsakanin inji da giyabos akwai wani tulu na ƙarfe cike da mai, makanikai na ce da shi kwambata. Inji na juya fankar farko, ita kuma ta watsa mai, man ya juya ta biyu, sai ƙarfi ya isa ga tayoyi.

To, fankar biyu ba ta cika kamo ta farko a gudu ba. Ƙarfin da ya ɓace a tsakaninsu shi ke zama zafi a cikin mai. In mota na tafiya sumul a kan kwalta, zafin kaɗan ne, gama motocin zamani suna da wani kuloci a cikin tulun mai kulle fankokin biyu wuri guda. Amma in tana hawan dutse, ko tana jan kaya mai nauyi, ko ta kafe a yashi direba na ta ba ta wuta, ko tana tsaya-tashi a cunkoson birni, sai man ya yi ta dahuwa.

Man giya ba baƙin mai ba ne. Yawancinsa ja ne, kuma aiki huɗu gare shi. Yana ɗaukar ƙarfin inji. Yana matse faifan kulocin da ke cikin giyabos don giya ta shiga. Yana hana ƙarafa cin juna. Yana kuma kwashe zafi ya fitar da shi waje.

3. Zafi nawa ne ya yi yawa?

Kun san ruwa na tafasa a digiri 100. Man giya ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 da 95. In ya kai 120 ya daɗe a nan, sai ya soma ƙonewa. Jansa ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi baƙi, ya riƙa warin ƙauri. Robobin da ke tare mai su sandare, faifan kuloci su soma santsi. Masana mai suna da wani ƙiyasi: in zafi ya wuce ƙa'ida, ko wane ƙarin digiri 10 yana rage kwanan mai da kamar rabi.

4. Me ya sa a ke ƙara lagireto?

Masu ƙera mota ba su manta da wannan ba. A yawancin motoci akwai bututu biyu na ƙarfe da suka taso daga giyabos zuwa lagireto. Ɗaya na kai mai, ɗaya na komo da shi. A cikin tankin lagireto man ke bi ta wani bututu na dabam, ruwa ya kewaye shi ya sha zafinsa, ba tare da sun gauraya ba.

Wannan ya isa ga tafiyar yau da kullum. Amma ruwan lagireto shi ma zafi gare shi, yana kusa da digiri 90. In inji ya yi zafi, ruwan ba shi da sauran sanyin da zai ba mai. Don haka masu motocin tsere da masu jan tirela a Amurka suka daɗe suna ƙara wani ƙaramin lagireto na man giya kaɗai, wanda iska ke sanyayawa. Mota mai babban inji, ko wadda aka ƙara wa ƙarfi, tana haifar da zafin da ya fi wanda aka shirya mata tun a masana'anta. Mu kuma a nan muna da namu dalilin. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin rana kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Kano da Maiduguri, ga lodi, ga yashi.

5. Yadda a ke zaɓe

Ƙaramin lagireto iri uku ne.

Na farko, mai bututu. Bututu ɗaya ne ya yi ta lanƙwasa kamar maciji a cikin siraran fikafikai. Shi ya fi araha, shi ne kuma ya fi ƙarancin sanyayawa.

Na biyu, mai faranti da fikafikai. Mai na bi ta cikin faffaɗan layuka, iska na ratsa tsakaninsu. Ya fi na farko aiki, ko da girmansu ɗaya.

Na uku, mai faranti bisa faranti. Ya fi kauri, ya fi ƙwari, ya fi su duka sanyayawa. Shi ya dace da motar tsere da motar lodi. Kamfanoni irin su Hayden da B&M da Derale na Amurka suna ƙera irin waɗannan.

Kafin ka tafi kasuwa, yi abu uku. Auna filin da ke gaban lagireton motarka da awo, tsawo da faɗi da kauri. Auna bakin bututun giya. Yawanci milimita 8 ne ko kusan 10, watau inci 5/16 ko 3/8. Sa'an nan ka san nauyin motarka da kayan da ta saba ɗauka, gama a jikin kwali a kan rubuta nauyin motar da ko wane ɗaya zai iya yi wa aiki. Ɗauki wanda ya ɗan ɗara nauyinka. Amma kada ka sayi ƙato wanda zai rufe fuskar babban lagireto duka, don kada ka sanyaya giya ka dafa inji.

Tiyo ma sai an zaɓa. Tilas ya zama wanda aka yi don man giya, mai jure zafi da matsi. Tiyon fetur da tiyon ruwa ba su yi. Kada kuma ka sayi tsohon lagireto da aka ciro daga motar da giyarta ta ƙone, gama garin ƙarfe na maƙale a ciki. Araha ba ta ado.

6. Yadda a ke ɗaurawa

Wannan aikin makanike ne. Amma ya kamata mai mota ya san shi, ya tsaya ya ga an yi daidai.

Ɗaya. A ajiye mota a fili mai lebur, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi. A bari inji ya huce sarai.

Biyu. A gano bututun da ke komo da mai. Hanya mafi tabbas ita ce a kwance bututu ɗaya daga jikin lagireto, a sa guntun tiyo a bakin lagireton, a zura shi da bututun cikin bokiti. Mutum ɗaya ya tayar da inji, ya ƙirga uku, ya kashe. In mai ya fito ta wajen lagireto, to, an sami na komowa. In ta wajen bututun ya fito, to, ɗayan ne.

Uku. A kafa ƙaramin lagireto a can gaba, inda iska ke fara bugowa, watau gaban babban lagireto da na na'urar sanyaya ɗakin mota. Wasu kan ɗaure shi da tsinken roba da ke ratsa fikafikan babban lagireto. A hanyoyinmu masu gargada gara a yi masa ƙafafu na ƙarfe a ɗaure da noti, don girgiza kan sa tsinken ya yi ta cin lagireto har ya huda shi. Kada bakunansa su dubi ƙasa, don kada iska ta maƙale a ciki. Su dubi sama ko gefe. In gefe suka duba, mai ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama.

Huɗu. A haɗa tiyo yadda mai zai bi wannan hanya: daga giyabos zuwa babban lagireto, daga nan zuwa ƙarami, sa'an nan ya koma giyabos. Ruwa ya fara rage masa zafi, iska ta ƙarasa. Wannan tsari na da wani amfani kuma: da asubar hunturu ruwan lagireto na taimaka wa mai ya ɗumama, gama mai mai sanyi da yawa kauri gare shi, giya ba ta shiga da kyau.

Biyar. Kada tiyo ya karye a kwana, a bar shi ya lanƙwasa a hankali. Kada ya taɓa salansa, ko fanka, ko fambel, ko bakin ƙarfe mai kaifi. A ɗaure shi a jikin mota don kada ya yi lilo.

Shida. Duk inda tiyo ya hau bututun ƙarfe, lalle bakin bututun ya zama da ɗan leɓe mai riƙe tiyo. A matse da kilif mai kyau, in da hali biyu.

Bakwai. A ƙara mai, gama sabon lagireto da tiyo sun sha wani. A sa irin wanda littafin motar ya ce. Akwai Dexron na General Motors, wanda aka fara a 1967, akwai Mercon na Ford, akwai T-IV da WS na Toyota, kuma giyar da a ke kira CVT nata man dabam ne. Karanta jikin galan da idonka, kada ka dogara da launi. A yawancin motoci a kan auna mai inji na aiki, ya yi ɗumi, giya na kan P. Wasu motocin Honda kuwa sai an kashe inji. Wasu motocin ma ba su da sandar awo, sai a gareji.

Takwas. A tayar da mota, a duba ko wane mahaɗi ko yana yoyo. A yi 'yar tafiya, a sake dubawa. Bayan mako guda a ƙara matse kilif.

7. Abin da na gani da idona

Wani ɗan'uwana ya sayi ƙaramin lagireto mai kyau, ya kai aka ɗaura masa. Yaron garejin ya yanke bututun ƙarfe da zarto, ya cusa tiyo a kai ba leɓe, ya ɗaure da waya. Kwana huɗu mota na tafiya lafiya. Ran na biyar suna hawan tudu da buhunan masara, sai tiyo ya suɓuce. Famfon giya ya watsar da mai a hanya cikin ɗan lokaci. Inji na ta kuka, mota ba ta gaba. Allah ya taimake su man bai zuba a kan salansa ba, da wuta ta kama. Kuɗin kilif biyu ya ƙi kashewa, sai da ya sayar da sa ya sayi giyabos. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

8. Abin da ƙaramin lagireto ba ya yi

Rigakafi ne, ba magani ba. In giya ta riga ta soma santsi, ko mai ya yi baƙi yana ƙauri, sanyi ba zai komo da faifan da suka cinye ba. In ka zaro sandar awo ka ga mai ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, to, bututun cikin babban lagireto ya fashe, ruwa ya shiga. Kada ka tuƙa, kira makanike. Ba ya kuma hana canjin mai a kan kari. Wanda ke da hali ya sa agogon auna zafin giya, don ya riƙa gani da idonsa. In allura ta haura 110, ya rage wuta. In ta doshi 120, ya sauka gefen hanya, ya sa giya a P, ya bar inji na aiki a hankali har ta sauko.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka huɗu na man giya.
2. Tsakanin digiri nawa da nawa man giya ya fi jin daɗin aiki?
3. Wane irin ƙaramin lagireto ne ya fi dacewa da motar lodi?
4. Me ya sa ba a sa tiyon ruwa?
5. Wane kuskure yaron gareji ya yi?

Lissafi

A ce wani mai zai yi kilomita 80,000 in zafinsa na digiri 90. Bisa ƙiyasin da muka karanta, kilomita nawa zai yi a digiri 100? Nawa a 110? Nawa a 120?

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau uku a littafinsa, da rubutu mai kyau: Daga giya zuwa babba, daga babba zuwa ƙarami, daga ƙarami zuwa giya.

In an tashi, ku nemi wani direba a garinku ya buɗe muku gaban motarsa bayan ta huce, ya nuna muku bututun nan biyu. Ku zo da labarin abin da kuka gani ran aji na gaba.