Daga Bakolori Zuwa Teku: Darasin Labarin Ƙasa a Taswirar Waya

Darasinmu na wannan mako a kan taswirar cikin waya ne, irin su Google Maps da Google Earth, da yadda za mu san ƙasarmu da ita.

Nijeriya babbar ƙasa ce. Faɗinta murabba'in kilomita 923,768 ne, tana da jihohi 36 da Abuja, da ƙananan hukumomi 774. Idan aka zana ta a takarda ɗaya, Talata Mafara ɗigo ce kawai, wani lokaci ma ba a sa Bakura da Maradun. A waya kuwa akwai hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Da yatsu biyu za mu buɗe hoton har mu ga gonaki, ko mu tsuke shi mu ga ƙasar gaba ɗaya.

Mu fara da gida. Mu rubuta Bakolori a wurin bincike. Za mu ga babban tafki kusa da Maradun. Wannan ita ce madatsar ruwan da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Daga nan magudanan ruwa suka nufi gonakin Talata Mafara da Bakura, inda iyayenmu ke noman rani, musamman shinkafa.

Sai mu bi gulbin da yatsa. Ya taso ne daga wajen Funtuwa a Jihar Katsina, ya wuce ta Gusau, ya zo mana. Daga wurinmu ya haɗu da Gulbin Rima kusa da Sakkwato, ya ratsa Jihar Kebbi ya faɗa Kogin Neja. Neja ya haɗu da Binuwai a Lokoja, sannan ya rarrabu ya shiga Tekun Atilantika. Ashe ruwan da ke shayar da gonakinmu, wasu sun riga mu amfani da shi, wasu kuma suna jiransa a gaba. Shi ya sa tare ruwa a wuri ɗaya ke shafar manoman fadama da ke ƙasa da madatsar.

Mu lura da launi. Arewa ta fi yawan ruwan ƙasa saboda daminarmu gajera ce. Kudu kore ce shar saboda yawan ruwan sama da kurmi. A tsakiya ga tsaunukan Jos, a Jihar Taraba kuma ga Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a ƙasar, mai mita 2,419. Mu kuma lura garuruwa sun fi taruwa a bakin ruwa da kan manyan hanyoyi, kamar hanyar Gusau zuwa Sakkwato.

Gargaɗi ɗaya: hoton sama ba na yau ba ne, wani ya yi shekaru. Sunayen wasu ƙauyuka babu, wasu an rubuta su ba daidai ba. Don haka mu tambayi malamai da dattawa, kada mu yar da littafi. Wayar malami ɗaya ta ishi aji idan muka zauna rukuni-rukuni, kowa ya zana abin da ya gani a littafinsa.

Aikin gida: tsakanin Bakura da Maradun, wanne ya fi kusa da madatsar? Jihohi nawa suka yi iyaka da Zamfara? A kawo amsa ga ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta kafin ranar Juma'a. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.