Haƙƙinki bayan saki

'Yar'uwa a Yalwan Damai, in takardar saki ta shigo hannunki, kada ki yi saurin ɗaure kwanuka da katifa ki nufi gidan iyaye. In saki ɗaya ne ko biyu, ci da sha da sutura da ɗakin kwana duk suna wuyan mijin har ki gama idda, tsarki uku. Suratul Ɗalaƙ ta hana a fitar da ke daga ɗakinki. Al'ada ce ta mayar da fita nan take kamar dole, kuma mata da yawa ta nan suke asarar haƙƙinsu.

In saki uku ne ko hul'i, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, wurin zama kawai ya rage miki, sai in kina da juna biyu. Nan ciyarwa na kansa har ki sauka.

Batun yara ya fi damuna. Riƙonsu naki ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, muddin ba ki sake aure ba. Abincinsu da maganinsu da suturarsu kuwa na uba ne, ko da buhun gero ne bayan kaka.

Ki fara da waliyyinki da liman. In mijin ya ƙi, ki je Hisba ko kotun shari'ar Musulunci a Birnin Kudu, da takardar sakin da shaidu biyu. Ki roƙi alƙali ya yanke abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a rubuce. In hukuncin bai gamsar da ke ba, kina da damar ɗaukaka ƙara har Dutse.