Kafin A Sayi Tikitin Tsibirin Yas, A Fara Auna Yara

Iyalin da suka je Dubai hutu, ko Alhaji ya tafi sarin kaya Deira ya ɗauki Hajiya da yara, da wuya su dawo gida ba su ware yini guda na wasan yara ba. Inda aka fi nufa kuwa shi ne tsibirin Yas a masarautar Abu Dhabi, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Deira a kan babban titin da ya haɗa biranen biyu. A nan aka jera manyan wuraren wasa huɗu kusa da juna: Ferrari World da aka buɗe a 2010, Yas Waterworld a 2013, Warner Bros. World a 2018, sai SeaWorld a 2023.

Abin da ke hana yara barci tun daga gida shi ne jirgin lilo, taragun nan da ke gudu a kan dogo, su hau sama, su sulmiyo ƙasa, wani lokaci su juya da mutum kai a ƙasa. Wanda ya fi suna a tsibirin shi ne Formula Rossa na Ferrari World. Daga tsaye yake zabura, cikin ƙasa da daƙiƙa biyar ya kai gudun kilomita 240 a awa, ya haura tudu mai tsayin mita 52. Ya shafe shekaru yana riƙe da kambin jirgin lilo mafi gudu a duniya. Saboda dogonsa a waje yake, cikin iskar hamada, kowa sai an ba shi tabarau ya sa, don a irin wannan gudu ƙwayar rairayi ko ɗan ƙwaro na iya yi wa ido lahani. Akwai kuma Flying Aces, wanda aka buɗe a 2016, mai hawa mita 63 kafin ya sako mutum.

Duk wannan yara sun gani a waya, sun haddace. Abin da ba su sani ba, iyayensu ma ba su sani ba, shi ne tikitin shiga bai ba kowa damar hawa komai ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A bakin layin kowane jirgi akwai sandar awo, kuma da ita ake yanke hukunci. Ba a tambayar shekaru, ba a duba aji nawa yaro yake. Formula Rossa yana neman tsayin santimita 140. Sauran manyan jiragen ma iyakarsu ba ta nisa da haka, galibi daga 130 zuwa 140. Yaro ɗan shekara goma ma ba lalle ne ya kai 140 ba, balle ɗan takwas.

Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, aminin mai wannan rubutu, a nan aka yi masa ba-zata a wani hutun Disamba. Ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa huɗu. Wani mai shirya tafiye-tafiye a Kano ne ya haɗa masa komai, biza da jirgi da otal har da tikitin wurin wasa, bai kuma ce masa uffan game da awo ba. Babbar 'yarsa tana da shekara goma sha uku, mai bi mata namiji yana da goma, sai ƙanana biyu. Shi wannan ɗan shekara goman saboda shi aka yi tafiyar, don alkawarin cin jarrabawa aka yi masa. Tun a mota yake ba ƙannensa labarin yadda zai zauna a kujerar gaba ya ɗaga hannu sama.

Da suka isa bakin layin jirgin da ya ƙwallafa rai a kai, wata ma'aikaciya ta yafito shi, ta tsayar da shi jikin sanda. Abin da ya rage tsakanin kansa da alamar da ke jikin sandar bai fi faɗin yatsu biyu ba. Yaron ya gane, ya ɗan yi ɗage. Ta nuna masa ƙasa da murmushi, ya sauke dunduniya. Uban ya matso ya ce shekararsa goma cif, ya zaro fasfo. Ta ce ta yarda, amma ba shekaru ake aunawa ba. Ya ce shi ne mahaifinsa, ya ɗauki alhakin duk abin da zai faru, in takarda ce a kawo ya sa hannu. Ta ba shi haƙuri. Ya nemi ganin shugabanta, shugaban ya zo ya sake aunawa a gabansa, ya faɗi abin da ta faɗa. Yayar ta wuce ta shiga layi. Yaron ya riƙe rigar ubansa yana cewa, "Abba, ka gaya mata na girma mana." Hawaye ya ɓalle. Aka kai shi wajen ƙananan motoci ya ce shi ba jariri ba ne, aka saya masa abin sanyi ya ƙi karɓa. Haka suka yini, Hajiya tana rarrashi, Alhaji yana huci, ƙananan biyu su ma an manta da nasu wasan.

Alhajin ya dawo Kano yana cewa mutanen can ba su da kara. Mai wannan rubutu bai yarda da shi ba, kuma ya faɗa masa. Idan akwai mai laifi a labarin nan, wanda ya karɓi kuɗin tikitin yara huɗu ne bai tambayi tsayin ko ɗaya ba. Masu shirya tafiye-tafiyenmu da yawa ba su taɓa taka wuraren da suke tallatawa ba, hoto kawai suke turawa ta WhatsApp su jira a turo kuɗi. Ita kuwa ma'aikaciyar aikinta ta yi, kuma aikin kare ran yaron ne.

Dalilin awon a bayyane yake. Ƙarfen da ke saukowa ya danne cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne daidai wani girman jiki. A kan tudu, lokacin da jirgi ya juya ƙasa da gudu, jikin mutum yakan tashi daga kujera, ƙarfen nan ne kaɗai ke riƙe shi. In jikin ya yi ƙanƙanta, akwai giɓin da zai iya zamewa ta ciki. In ya yi girma da yawa, ƙarfen ba zai kulle yadda ya kamata ba, shi ya sa wasu jiragen suke da iyakar sama ma, dogon mutum ko mai ƙiba sosai ana iya mayar da shi. Duniya ta ga abin da sassauci ke jawowa. A watan Maris na 2022, a birnin Orlando na jihar Florida a Amurka, wani yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga wata hasumiyar lilo mai tsayin kimanin mita 130, ya rasu. Nauyinsa ya wuce iyakar da masu ƙera na'urar suka sa, kuma bincike ya gano an taɓa na'urar kujerar da hannu don ƙarfen ya riƙa kullewa a buɗe fiye da ƙa'ida. Wato alfarma aka yi wa masu babban jiki. Daga baya aka rushe hasumiyar gaba ɗaya. Mu mun saba da cewa kowace ƙofa tana buɗuwa da roƙo, ko da sanayya, ko da ɗan abin goro. Wannan ƙofar gara ta zauna a rufe.

Maganin abin bai fi minti biyar ba, kuma a gida ake yin sa. A jingina kowane yaro da bango, ba takalmi, ba hula, a ɗora littafi a kansa a yi alama, a auna da tef ɗin tela. A lura da gefen da ake karantawa, don telolinmu da inci suka saba: santimita 140 ita ce kusan inci 55, santimita 130 kuma kusan inci 51. A rubuta tsayin kowa a takarda. Sannan a buɗe shafin intanet na wurin da za a je, kowane jirgi an rubuta iyakarsa a ƙarƙashinsa. A zauna da yara a nuna musu: wannan za ka hau, wannan sai baɗi in Allah ya kai mu. Yaron da aka gaya wa gaskiya a falon gidansu zai yi fushin yini ɗaya ya huce. Wanda aka mayar a gaban mutane, bayan ya yi wata guda yana mafarki, ba ya mantawa da wuri. Kuma kada wani ya cusa wa yaro takarda a takalmi ko ya saya masa mai tudu don ya tsallake awo. Wanda ya yi haka ɗansa ya cuta.

Sakamakon awon shi zai zaɓa wa iyali wurin zuwa. In yawancin yaran ba su kai 130 ba, Warner Bros. World ya fi dacewa da su: duk a rufe yake cikin sanyi, ga Tom da Jerry da Scooby-Doo da suka saba gani a talabijin, kuma wasannin ƙanana sun fi yawa, ko da yake can ma akwai masu awo. SeaWorld yana da dabbobin ruwa da kowa zai kalla, babba da yaro. Shi kansa Ferrari World ya buɗe sashen iyali a 2020, inda aka yi ƙananan kwafin manyan jiragensa, har da ƙaramin Formula Rossa. Lissafin kuɗin ma ya isa ya sa a yi tunani. A 'yan shekarun nan tikitin mutum ɗaya na yini ya haura dirhami 300, iyali mai mutum shida ke nan sun doshi dala 500 kafin a sha ko ruwa. Biyan wannan kuɗi don yara uku su tsaya kallon mutum ɗaya yana hawa ba dabara ba ce.

Na biye da awo shi ne sutura, kuma wannan ya fi shafar mutanenmu. Duk abin da iska za ta iya fizga ba a hawa da shi. Hular Alhaji, ko zanna ce ko ƙube, tun a tudun farko za ta yi sallama da shi. Babbar riga ba ta shiga ƙarƙashin ƙarfen kujera. Gyale da mayafi da hijabi mai jan ƙasa sun fi haɗari, don in bakinsu ya laƙe a wani ƙarfe alhali jirgi na gudu, wuya zai ja. Ma'aikatan Yas sun saba da mata masu abaya, ba baƙon abu ba ne a wurinsu, abin da za su nema shi ne a ɗaure ko a cusa. Mace ta shirya tun daga otal: ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ake zurawa ba allura, a cusa bakinsa cikin riga, a sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, da takalmi rufaffe maimakon silifa. Sutura ta cika, haɗari ya kau. A wasu ƙasashen dokar ta fi tsauri. A watan Agustan 2011, lokacin ƙaramar Sallah, Musulmi kusan 3,000 sun je yawon Sallah wurin wasa na Playland a garin Rye na jihar New York, aka hana mata masu lulluɓi hawa wasu jirage bisa dokar hana duk abin rufe kai. Gardama ta zama rigima, 'yan sanda suka kama mutum 15. Hukumar wurin ta ce ta sanar da masu shirya tafiyar tun da wuri. In haka ne, can ma saƙon a hannun masu shiri ya maƙale.

Mai juna biyu, mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, allon gargaɗi da su yake. Magidantanmu da yawa suna shan maganin hawan jini kullum, amma kunyar yara kan sa su hau. Babu abin kunya a riƙe jakunkuna a ƙasa.

Batun mota kuma. A Deira za a samu masu zuwa da motocin kansu suna raɗa farashi mai sauƙi, har da masu jin Hausa. Ba su da lasisin ɗaukar fasinja, in wani abu ya faru a hanya babu wanda za a kama. A hau tasi mai mita ko a kira ta manhaja, kuma iyalin da suka wuce mutum huɗu su nemi babbar mota tun farko, direba ba zai yarda a ɗora yara a cinya ba. Tun 2017 dokar ƙasar ta wajabta ɗaura bel har ga na kujerar baya, tarar dirhami 400 ce. Da dare wajen tashi kowa ke neman mota lokaci ɗaya, gara a fito rabin awa kafin rufewa.

Tun 2022 hutun ƙarshen mako a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, don haka Litinin zuwa Alhamis layi ya fi gajarta. Dogon hutun makarantunmu yana faɗawa cikin tsananin zafinsu, lokacin da ake wuce digiri 40, sai a gode wa Allah da yawancin wuraren a cikin gini suke. Disamba ya fi daɗin yanayi, ya fi cunkoso, kuma makon tseren motoci na Formula 1 da ake yi a tsibirin wajen ƙarshen shekara otal kan yi tsadar da ba ta da kai. Jirgi ma yakan tafi hutun gyara, Formula Rossa ya yi watanni a rufe a 2024, saboda haka a duba shafin wurin ana gobe tafiya. Tikitin tsallake layi da suke sayarwa daban yana da amfani ranar cunkoso kawai.

A fara da manyan jirage da safe, ciki ba nauyi, a ci abinci daga baya. Ba a shiga da abincin waje, na ciki kuma da tsada. Akwai wuraren sallah na maza da na mata. Waya da makulli a bar su a akwatin ajiya. A rubuta lambar wayar uba a takarda a sa wa kowane ƙaramin yaro a aljihu.

Wuri ɗaya ya ishi yini ɗaya, duk wanda ya ce a haɗa biyu gajiya zai sayar wa iyali. Shi kuma mai shirya tafiyar, kafin a tura masa ko sisin kwabo na tikiti, a tura masa takardar nan ta tsayin yara, a ce ya rubuto jiragen da kowane ɗaya zai iya hawa. In ya kasa, a sayi tikitin kai tsaye a shafin wurin.