Darasin Kasuwanci: Hanyoyin Sarrafa Fitilun Gida Ta Iska Da Wadda Ta Dace Da Mazauna Sabo Da Ojoo

IBADAN. A cikin kayayyakin lantarki da suka shigo kasuwannin Nijeriya a 'yan shekarun nan akwai ƙwan lantarki mai karɓar umarni, watau irin wanda ake kunnawa, a kashe, ko a rage haskensa da wayar salula ko rimot ba tare da an taɓa makunnin bango ba. Ana samunsa a babbar kasuwar Alaba ta Legas da kantunan intanet irin su Jumia da Konga. A ido duk kamanninsu ɗaya, amma hanyar da kowanne yake karɓar umarni ta iska ta bambanta, kuma wannan bambanci shi ne yake yanke hukuncin ko kuɗin mai saye zai yi masa amfani ko kuwa zai tafi a banza.

Darasin wannan mako zai yi bayanin waɗannan hanyoyi, tare da auna su da halin da gidajen Hausawa mazauna Ibadan suke ciki.

Yanayin Gidajen

An kafa unguwar Sabo da ke kusa da Mokola a shekarar 1916 domin Hausawa fatake. Masani Abner Cohen, wanda ya wallafa bincikensa a kan unguwar a 1969, ya nuna cewa cinikin goro da na shanu ya ginu ne a kan masu gidaje da ke saukar da baƙi, su adana musu kaya, su kuma shiga tsakaninsu da masu saye. Wannan ne ya sa gida mai ɗakuna da yawa, mai zaure da rumfar ajiya, ya zama ruwan dare. Daga baya jama'a sun yaɗu zuwa Ojoo a ƙaramar hukumar Akinyele, inda babbar hanyar Legas ta haɗu da ta Oyo da Ilorin, da kuma kewayen kasuwar Sasa mai karɓar tumatir da albasa daga Arewa.

Abubuwa uku ne suka shafi kowane mai gida a waɗannan wurare. Na farko shi ne wuta. Kamfanin IBEDC, wanda ya gaji rarraba wutar yankin a watan Nuwamba 2013, yana aiki ne da tsarin rukuni-rukuni na hukumar NERC: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Ke nan ɗaukewar wuta tana cikin lissafi tun daga tushe. Na biyu shi ne tsadar mai. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin kwanaki kaɗan, abin da ya sa tayar da janareto ya zama nauyi. Na uku shi ne darajar Naira. Dalar Amurka da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023 ta haura Naira 1,500 a Fabrairu 2024, kamar yadda 'yan canji na Sabo suka gani da idonsu. Tun da yake daga waje ake shigo da waɗannan ƙwayaye, kuskuren saye yana da tsada.

Hanya Ta Farko: Rimot

Mafi sauƙi ita ce rimot na hannu. Wani yana aiki da hasken da ido ba ya gani, irin na talabijin, wanda dole a nuna shi saitin fitilar. Wani kuma yana aiki da igiyar rediyo a zangon megahaz 433, wadda take ratsa bango. Babu buƙatar intanet, babu buƙatar wayar salula. Rauninsa shi ne ba a iya sarrafa fitila daga nesa, kuma idan rimot ya ɓata ba kullum ake samun madadinsa ba.

Hanya Ta Biyu: Bluetooth

Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikin Bluetooth a 1994. Nau'insa mai ƙarancin cin wuta ya fito a 2010, sannan a 2017 aka ƙara masa tsarin raga, watau yadda ƙwai ɗaya zai karɓi saƙo ya miƙa wa na kusa da shi. Wayar salula tana magana da ƙwan kai tsaye, don haka ko babu data yana aiki. Nisansa a cikin gini bai cika wuce mita 10 ba. Kamfanin da ke yin Philips Hue, alal misali, ya ƙara Bluetooth a ƙwayayensa a 2019, inda waya ɗaya take iya riƙe ƙwai 10. Wannan hanya ta dace da shago ɗaya ko ɗaki da falo.

Hanya Ta Uku: Wi-Fi

Ita ce ta fi yawa a kasuwa, domin mai saye ba ya buƙatar wata na'ura ta musamman bayan rauta ta intanet. Da yawa daga cikin masu arha, duk da sunayensu daban-daban, suna aiki ne da manhajar kamfanin Tuya na birnin Hangzhou a ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2014.

Sai dai akwai abubuwan lura. Galibin waɗannan ƙwayaye zangon gigahaz 2.4 kawai suke ji, ba sa jin na gigahaz 5. Kowane ƙwai yana cin gurbi ɗaya a kan rauta, alhali ƙaramar na'urar intanet ta aljihu da ake kira MiFi na'urori kaɗan take iya ɗauka. Idan mai gida ya saka ta a aljihu ya tafi Sasa ko tashar mota, duk fitilun sun rabu da mai ba su umarni. Bugu da ƙari, a yawancinsu umarnin yakan bi ta kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin ya dawo ɗakin da aka aiko shi. In data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, umarnin murya da sarrafawa daga nesa sukan tsaya.

Dogaro da kamfani na nesa yana da haɗarin da ya riga ya faru. A watan Afrilu 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya rufe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, manhajar masu amfani da kayansa ta daina aiki, har sai da wasu daga cikinsu suka haɗu suka sayi kamfanin bayan wata biyu.

Hanya Ta Huɗu: Zigbee

An amince da ƙa'idar Zigbee a ƙarshen 2004 domin ƙananan na'urori masu aika gajerun saƙonni. Ita ma a zangon gigahaz 2.4 take, tana ɗaukar kilobit 250 a daƙiƙa, wanda ya yi kaɗan ga hoto amma ya ishi umarnin kunnawa da kashewa. Philips Hue da ya fito a Oktoba 2012 da ita yake aiki. Tana buƙatar cibiya, watau ƙaramin akwati da ke haɗa dukkan fitilun. Cibiyar Hue da aka saba da ita tana ɗaukar kimanin ƙwai 50.

Amfaninta ga babban gida shi ne tsarin raga. Saƙo yana tashi daga zaure zuwa ƙwan tsakar gida, daga nan zuwa na ɗakin baya, tamkar yadda masu lodi suke miƙa wa juna buhu daga mota zuwa rumfa. Makunni na Zigbee mai batir kuma yana iya shekara ko fiye ba a canja masa batir ba. Idan cibiyar ta kirki ce, umarni ba ya fita daga gidan, saboda haka yankewar intanet ba ta hana shi aiki. Rauninta guda biyu ne: kuɗin cibiya a farko, da kuma cewa in wani ya kashe makunnin bango na ƙwan da ke tsakiya, ya yanke hanyar saƙo ga waɗanda ke bayansa har sai ragar ta nemi wata hanya.

Hanya Ta Biyar: Z-Wave

Kamfanin Zensys na ƙasar Denmak ne ya ƙirƙiro ta a 1999. Tana amfani da zango na ƙasa da gigahaz 1, wanda ya fi ratsa bangon bulo, kuma raga ɗaya tana ɗaukar na'urori 232. Matsalarta ga ɗan Nijeriya ita ce zangon ya bambanta daga nahiya zuwa nahiya: megahaz 868.42 a Turai, megahaz 908.42 a Amurka. Na'urar Amurka ba za ta ji cibiyar Turai ba. Har ila yau zangon Amurka ya faɗa cikin wanda kamfanonin wayar salula suke amfani da shi a nan, sannan kayan Amurka an yi su ne domin wutar bolt 120, alhali ta Nijeriya bolt 230 ce. Mai sayen kayan gwanjo sai ya yi hattara.

Sabon Shigowa: Thread Da Matter

Domin kawo ƙarshen rashin jituwa tsakanin kayan kamfanoni, Amazon da Apple da Google da ƙungiyar Zigbee sun haɗa kai a Disamba 2019, suka fitar da ƙa'idar Matter a Oktoba 2022. Matter harshe ne na bai ɗaya da ke tafiya a kan Wi-Fi ko a kan Thread, wata raga mai kama da Zigbee da aka fara a 2014. An tsara shi ne yadda umarni zai gudana a cikin gida ko babu intanet. Ƙwai mai tambarin Matter ba ya ɗaure mai shi ga manhajar kamfani ɗaya, amma na Thread yana buƙatar tasa cibiyar.

Lissafin Kuɗi

Masu talla sukan ce waɗannan fitilu suna rage kuɗin wuta. Ya kamata a bi lissafin daki-daki.

Tsohon ƙwai mai wat 60 da ke ci awa 6 a rana yana shan kimanin yunit 131 a shekara. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensu ɗaya, yana shan ƙasa kaɗan da yunit 20. Bambancin ya kai yunit 111. A farashin Naira 225 kowane yunit da NERC ta sanya wa rukunin A a Afrilu 2024, kafin ta rage shi zuwa Naira 206.80 a watan Mayu, wannan ya kai wajen Naira 25,000 a kan ƙwai ɗaya. Wannan riba kuwa LED ce ta kawo ta, ko da na talakawa ne wanda ba ya jin umarnin kowa.

Ƙwai mai karɓar umarni yana da wani ci na ɓoye, domin ko an kashe haskensa rediyonsa a kunne yake yana jiran saƙo. Tarayyar Turai ta ƙayyade wannan ci a kan rabin wat tun daga Satumba 2021, amma ba kowane kaya da ke shigowa nan ne yake bin wannan ƙa'ida ba. Rabin wat na awa 18 daidai yake da abin da ƙwan zai sha a awa ɗaya yana haske. Ke nan sai ya rage wa mai gida kusan awa ɗaya ta haske kowace rana kafin ya biya abin da shi kansa yake ci. A gida mai ƙwai 20, jiran saƙo kaɗai yana ɗaukar wat 10, wanda mai inbata da batirin sola zai ji a jikinsa da asuba.

Inda ribar take ita ce wurin da ake barin fitila a kunne babu kowa: fitilar ƙofar gida da ke kwana har hantsi, ta banɗaki, ta rumfar ajiya, da ɗakunan baƙi a gidan da mita ɗaya take ɗauke da kowa. A nan jadawalin lokaci ko na'urar gane motsi tana iya rage awoyi da dama.

Idan An Ɗauke Wuta Aka Dawo Da Ita

Wannan shi ne gwajin da ya fi muhimmanci a Ojoo da Sabo. Da yawa daga cikin ƙwayayen sukan kunnu da cikakken haske da zarar wuta ta dawo, ko da tsakar dare ne. Masu inganci suna da zaɓin komawa yadda aka bar su. Akwai kuma masu arha da aka tsara su manta da duk saitinsu idan an kashe an kunna sau uku a jere, saboda haka wuta mai ƙyafta ido, ko canja layi daga IBEDC zuwa janareto, tana iya goge su, sai an sake haɗa kowanne da hannu. Rauta da cibiya su ma suna buƙatar ɗan lokaci kafin su farfaɗo, shi ya sa ake ɗora su a kan ƙaramin batir na ajiya. Hauhawar wuta kuma ta fi saurin ƙona irin waɗannan kaya, don haka na'urar kariya a allon gida ba almubazzaranci ba ce.

Shawara Ga Mai Saye

Mai shago ɗaya ko ɗaki biyu, rimot ko Bluetooth ya ishe shi. Mai gida da ke da rauta ta dindindin a kan batir, da fitilu kaɗan, yana iya ɗaukar Wi-Fi, musamman mai tambarin Matter. Mai babban gida irin na saukar baƙi kuwa Zigbee ko Thread ne suka fi dacewa da shi, kuma sau da yawa ya fi arha ya sanya makunni mai karɓar umarni a bango ya bar ƙwayayen LED na yau da kullum, domin makunni ɗaya yana riƙe fitilu da dama kuma baƙo yana iya danna shi da hannu. Sai dai a fara kiran mai aikin wuta ya duba, saboda yawancin irin waɗannan makunnai suna buƙatar wayar nutural, wadda ba a cika kai ta akwatin makunni ba a tsofaffin gidaje.

Kafin biyan kuɗi, a duba gindin ƙwan ko mai murɗawa ne ko mai ƙusoshi biyu, a tabbatar an rubuta bolt 220 zuwa 240, a kuma nemi mai kanti ya gwada abu biyu a gaban mai saye: ya kashe data a ga ko fitilar za ta ci gaba da karɓar umarni, sannan ya zare wuta ya mayar a ga halin da za ta farka a ciki. Daga ƙarshe, a fara da ƙwai ɗaya ko biyu a ƙofar gida, a lura da mita na tsawon wata guda, kafin a yanke shawarar saya wa sauran ɗakuna.